Waya, kwamfuta ko rubutun makafi: da wanne mai larurar gani zai fara?

Idan gani ya tafi, ko ya rage saura kaɗan, tambayar da dangi suka fi yi ita ce: me za mu saya masa? Wannan ya ce iPhone, wancan ya ce kwamfuta, wani kuma ya ga bidiyon tabarau mai magana a Facebook ya ce magana ta ƙare. Kuɗin kuwa karo-karo ake yi a tara shi, kuma idan ya tafi a kan abin da bai dace ba, da wuya a sake tara irinsa nan kusa. Don haka na ga ya kamata a baje kayan nan a faifai, a auna su da mudun wurinmu, wato Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusiri har tsallaken gada zuwa Njamena, ba da mudun ƙasar da aka ƙera su ba. Mai yiwuwa kai mai larurar, wani ne ke karanta maka wannan yanzu. To da kai nake, domin kai ne za ka riƙe abin a hannu.

Kafin a ciro ko sisi, a fara ganin likitan ido. Yanar ido na cikin manyan abubuwan da ke makantar da mutane a duniya, alhali aiki ɗaya a asibiti yakan dawo da gani. Ƙungiyar Ophtalmo Sans Frontières ta daɗe tana aikin ido a arewacin Kamaru, a wurare irin su Marwa da Lagdo, kuma manyan asibitocin jihohi suna da sashen ido. A guji masu yawo kasuwa-kasuwa suna tura yana da allura, don idon da suka taɓa sau da yawa likita ma ba ya iya ceto shi. Hawan jinin ido kuma, abin da ya riga ya ci ba ya dawowa, amma magani yana tsare ragowar. Amsar likita ce za ta nuna ko ana neman abin da zai ƙara girman rubutu ne, ko abin da zai maye gurbin ido gaba ɗaya.

Abubuwan da za a auna

Na farko, aikin da mutum yake so ya koma yi da kansa. Ɗan kasuwa yana so ya san wa ke kiransa, ya tura kuɗi ba tare da ya ba yaro lambar sirrinsa ba. Ɗaliba tana so ta rubuta jarrabawa. Dattijo yana so ya ji karatun Alƙur'ani da labarai, ya je masallaci ba ɗan jagora. Waɗannan buƙatu uku ne daban, kuma kaya uku ne daban.

Na biyu, harshe, kuma a nan ne akasarin masu saye ke faɗawa rami. Muryoyin da ke cikin waya da kwamfuta sun iya Faransanci, Turanci da Larabci sosai. Hausa da Fulatanci kuwa, galibi muryar Faransanci ce ko ta Turanci za ta karanta su da lafazinta, ta karya kalmomi, ta yi tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. Kunne yana sabawa, kuma waɗanda suka daɗe da abin suna gane saƙon Hausa ko da a wannan karyayyen lafazi. Amma wanda bai ji Faransanci ko Larabci ko kaɗan ba, sai an zauna da shi ya haddace kalmomin da na'urar ke maimaitawa, kamar talatin ko arba'in, kafin ta yi masa amfani.

Sai kuɗi, na saye da na riƙo: data, caji, takarda, gyara. Sai ƙarko, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ƙurar hunturu na shiga kowace kafa, wuta kuma ta zo ta tafi. Sai sauƙin koyo, da tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina: wa zai koyar? Na ƙarshe, haɗari: sata, zamba, da kayan da in sun lalace babu mai gyara daga nan har Yawunde.

Farashin da zan ambata kimantawa ne da sefa, yana hawa yana sauka gwargwadon kasuwa da hanyar da kaya suka shigo.

Farar sanda

Da ita na fara da gangan, domin duk na'urorin da ke biye babu wadda za ta gaya maka ga kwata a buɗe gabanka. Sanda mai naɗewa ta alminiyam ba ta kai kuɗin ƙaramar waya ba, ba ta cin batir, kuma abin da ke lalacewa a jikinta biyu ne: kan da ke goge ƙasa da robar da ke ciki. Tsawonta ya kai ƙirjin mai ita. Ana kaɗa ta dama da hagu, faɗin kafaɗu, tana taɓa inda ƙafa za ta sauka kafin ƙafar ta isa. Wannan fasaha ce da ake koyo, ba dogarawa ba ce irin ta sandar tsoho. Farin launinta kuma sanarwa ce ga masu babur, waɗanda a garuruwanmu su ne babban abin tsoro a kan titi. A yashi irin na unguwannin Marwa, kai mai faɗi ko mai juyawa ya fi siriri, don siririn nutsewa yake. Matsalarta ɗaya kunya ce, musamman ga wanda ya makance da girmansa ko ga matar aure, kuma kunyar dangi takan fi ta mai larurar yawa.

Akwai sanduna masu batir da ke girgiza in sun hangi abu a gaba. Kuɗinsu ya ninka na sanda ta gari sau da yawa, kuma in sun mutu sai dai a ajiye. Ban ga dalilin farawa da su ba.

Wayar Android

Kusan kowace wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, tana ɗauke da manhajar TalkBack ta Google, kyauta, ko kuma ana iya sauke ta. Idan aka kunna ta, wayar na faɗin duk abin da yatsa ya taɓa. Shafa dama ta kai ka abu na gaba, shafa hagu ta mayar da kai baya, bugu biyu ya buɗe, yatsu biyu su ja shafi sama ko ƙasa. Tana da darasin koyo a cikinta. A saita ta yadda danne maɓallan ƙara da rage sauti tare, na daƙiƙa uku, zai kunna ta ko ya kashe ta. Wannan saitin ba ƙaramin abu ba ne: yara da masu cajin waya sukan ga tana magana ba ta amsa taɓi ɗaya, su ce ta lalace, su kashe muryar, su bar mai ita a duhu.

Kuɗi: sabuwa mai kyau tana kamawa daga kimanin sefa dubu 60 zuwa dubu 100. Akwai masu arha fiye da haka, amma shawarata kada a sauka ƙasa da ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, mai giga 4. Mai gani yana iya haƙuri da waya mai nauyin jiki, yana kallon ta tana juyi. Makaho da kunne yake tafiya, in ya shafa muryar ta yi jinkiri, zai sake shafawa, ya wuce inda yake nema, ya danna abin da bai yi niyya ba. A gwada ta a shago da TalkBack a kunne kafin a biya. A kuma duba lasifikarta, ko tana da ƙarfi, da ramin abin kunne.

Ƙarko: matsakaici, amma kowane lungu na kasuwa akwai mai canza mata gilashi da batir, kuma wannan ya rufe aibi da yawa.

Abin da ke sa wayar ta zarce komai shi ne kyamararta. Lookout ta Google da Seeing AI ta Microsoft suna karanta rubutun takarda, kwalin magani ko rasit. Be My Eyes, wadda wani ɗan ƙasar Denmark mai larurar gani ya ƙirƙiro a 2015, tana haɗa ka da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo ya duba maka abu, kuma tun 2023 tana iya bayyana hoto da kanta. Duka ukun kyauta ne, sai dai bidiyo na shan data kuma yana buƙatar sabis mai ƙarfi, abin da ba kullum ake samu a ƙauyukan Mayo-Rey ko bakin Logone ba. Saƙon murya na WhatsApp kuwa shi ya warware rabin matsalar harshe: ka yi magana da Hausarka, a amsa maka da ita, ba ruwanka da rubutu.

Haɗarin yana wajen kuɗi. Lambobin da ake dannawa don tura kuɗi, *126# na MTN da #150# na Orange, TalkBack na karanta jerinsu, amma suna da wa'adi, in ka yi jinkiri su rufe ka koma farko. Sabon shiga yakan gaji ya miƙa wa wani wayar tare da lambar sirri, kuma daga nan ake cutar mutane. A yi ta gwaji da duba ragowar kuɗi kawai har hannu ya faɗa, kafin a fara turawa. A sa abin kunne duk lokacin da za a shigar da lambar sirri, a kuma kunna saitin da ke duhunta fuskar wayar, wanda yake rage cin batir kuma ya hana na kusa leƙe. Manhajojin gane takardun kuɗi kuma, ba kowace ce ta san sefarmu ta Afirka ta Tsakiya ba, a gwada da takardar 500 da ta 10,000 kafin a dogara da ita. Tsohuwar dabara ta naɗe kowace takarda da salonta, ko ware mata aljihunta, har yanzu ta fi sauri a tsakiyar ciniki.

iPhone

Apple ya sa VoiceOver, takwarar TalkBack, a cikin iPhone tun 2009, kuma gaskiya ta fi santsi: muryar ba ta jinkiri, tsarin iri ɗaya ne a kowace iPhone, kuma manhajoji da yawa na makafi a nan suke fara fitowa. Wanda ya koya a kan ta abokinsa zai iya tasa nan take, saɓanin Android da kowane kamfani ke yi wa nasa kwalliya.

Sabuwa ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Ta hannu ake saye, daga kimanin dubu 100 zuwa sama, kuma a nan haɗarin yake: batir da ya gaji, gilashin da aka canza da na banza wanda ba ya jin shafar yatsu uku ta VoiceOver da kyau, ko wayar da ke kulle da asusun mai ita na farko, wadda ba ta da wani amfani. Tsofaffin samfura kuma sabbin manhajoji sun daina hawa kansu. Ga ta da jan idon ɓarayi. Idan akwai ɗan'uwa amintacce da zai bayar da tasa mai lafiya, a karɓa hannu biyu, musamman mai maɓalli a ƙasa irin SE, don maɓallin da yatsa ke ji yana sauƙaƙa wa sabon shiga. Amma a ci bashi don ita, alhali duk makafin da ke unguwa Android suke riƙe kuma su ne za su koyar, wannan ban goyi baya ba.

Ƙaramar waya mai maɓalli da rediyo mai memori

Kada a raina su. Dattijon da bai yi boko ba, abin da yake so kira ne da sauraro. Maɓallin 5 yana da ɗan tudu da yatsa ke ganewa, daga shi ake lissafa sauran. A saita masa kiran gaggawa, 2 babban ɗa, 3 'yarsa, a ba kowane na kusa sautin kiransa. Batir na kwanaki, ta faɗi ta tashi, kuɗinta bai wuce dubu 10 zuwa 15 ba. Rediyo mai memori kuma a cika masa da karatu da tafsiri. Iyakarsu a fili take: ba su karanta saƙo, don haka sirrin kuɗi yana hannun wani.

Kwamfuta

Wannan ta ɗalibin sakandare da jami'a ce, da ma'aikacin da ido ya bari a tsakiyar aiki. NVDA manhaja ce kyauta mai karanta fuskar kwamfuta da murya, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006. Tana aiki a kan Windows, tana jin Faransanci da Larabci, kuma ana iya ɗora ta a filas a soka a kowace kwamfuta, ta ofis ko ta makaranta. JAWS, wadda ta girme ta, tana da ƙarfi amma lasisinta ɗaruruwan dubban sefa ne, kuma ta gwaji tana tsayawa bayan minti 40. Wanda ke farawa ba shi da uzurin biyan wannan kuɗi.

Kwamfutar hannu ta gwanjo mai kyau tana kai dubu 100 zuwa 180. A nemi mai ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, a kuma fifita lafiyar batir a kan kyan fuska, don fuskar ba ta dame mu ba. Akwai abin da masu saye ke mantawa: jerin haruffa. Waɗanda suka shigo ta Najeriya galibi tsarin Ingilishi ne, makarantu da ofisoshinmu kuwa tsarin Faransa suke amfani da shi, inda A da Q, Z da W suka yi musayar wuri kuma é da è ke da maɓallansu. Ana iya sauya tsarin daga cikin Windows, kuma tunda makaho ba ya kallon abin da aka zana a kan maɓalli, a saita masa na Faransa tun ranar farko yatsunsa su haddace abu ɗaya.

Koyonta ya fi na waya tsawo. Sai an fara iya buga rubutu da yatsu goma, daga tudun da ke kan F da J, sannan a haddace gajerun hanyoyi. Watanni ne, ba kwanaki ba. Zafi da ƙura su ne ajalinta, sai wutar da ke dawowa da ƙarfi ta ƙona caja.

Rubutun makafi

Louis Braille, Bafaranshen da ya makance yana ƙaramin yaro, ya wallafa tsarinsa a 1829: ɗigo shida a gida ɗaya, ana haɗa su su ba da siffofi 63. Wasu na cewa waya ta kashe shi. Ban yarda ba, kuma a nan nake da zafi. Yaron da kunne kaɗai ya yi karatu da shi yana jin kalma amma bai san yadda ake rubuta ta ba, kuma Faransanci harshe ne da rabin haruffan ƙarshen kalma ba a furta su. Yaya zai ci jarrabawar shifta? Yaya zai yi lissafi? Jarrabawoyin ƙasa, daga CEP zuwa BEPC har Bakaloriya, ana juya wa makafi su zuwa wannan rubutu, don haka yaron da ba shi da shi an rufe masa ƙofa tun daga firamare.

Kayan farawa allo ne mai ramuka da tsinken hudawa. Ana rubutu daga dama zuwa hagu, a juya takarda a karanta daga hagu. Kuɗinsu kaɗan ne, ba wuta, ba data, kuma allo ɗaya yakan yi shekaru. Takarda mai kauri ce ke cin kuɗi a hankali. Injin Perkins, wanda ake ƙerawa tun 1951, ya fi sauri ƙwarai kuma ƙarfe ne mai jure wahala, amma ya doshi rabin miliyan kafin kuɗin jigila, don haka kayan makaranta ne ba na gida ba. Allunan lantarki masu tasar da ɗigo, ko mafi arha irin Orbit Reader 20 ya haura dubu 400, kuma ƙura na toshe ƙananan allurorinsu.

Ba a koyon sa daga bidiyo, sai da malami. Akwai cibiyoyin makafi irin su CPFAM a Marwa, da CJARC a Yawunde, da CRJA a Njamena. Babba ma yana iya koya, ko don ya yi wa kwalaben magani alama, sai dai mai ciwon suga da yatsunsa suka fara mutuwa zai sha wuya.

Ga mai sauran gani

Yawancin masu larurar ido ba makafi ne ɗungum ba, kuma su ne aka fi mantawa da su. Gilashin ƙara girma na hannu, mai 'yar fitila, kuɗinsa kaɗan ne. A sani cewa yadda ƙarfinsa ke ƙaruwa haka faɗinsa ke raguwa, har ya zama kalma biyu kawai ake gani, don haka a gwada da rubutun da za a karanta, kada a ce a ba ni mafi ƙarfi. Ɗalibi, musamman zabiya, yana buƙatar ƙaramin madubin hangen nesa don allon aji, kujerar gaba, hula mai baki da alƙalami mai kaurin tawada. A waya a ƙara girman haruffa, a mayar da bango baƙi rubutu fari, a kunna ƙara girma da bugu uku. A Windows, maɓallin tambari da alamar tarawa suna yin wannan aiki. Wanda likita ya ce ganinsa raguwa zai ci gaba da yi, ya fara koyon murya da sanda tun yana gani.

Tabarau masu kyamara irin OrCam da Envision sun haura miliyan, kuma akasarin aikinsu waya na yi.

| Kaya | Kuɗi (sefa) | Ƙarko | Koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Farar sanda | kaɗan | mai kyau | makonni, da malami | amfani ba horo |
| Android | 60,000–100,000 | matsakaici, gyara ko'ina | makonni | lambar sirri, mai arha na jinkiri |
| iPhone ta hannu | 100,000 zuwa sama | ya danganta da batir | makonni | kulle, sata, tsadar gyara |
| Waya mai maɓalli | 10,000–15,000 | mai kyau ƙwarai | kwanaki | ba ta karanta saƙo |
| Kwamfuta da NVDA | 100,000–180,000 | tana tsoron zafi da ƙura | watanni | wuta, rashin malami |
| Allo da tsinke | kaɗan | shekaru | watanni | ƙarancin takarda da littattafai |
| Gilashin ƙara girma | kaɗan | mai kyau | kwana ɗaya | sayen ƙarfin da bai dace ba |

Wa ya dace da me

Yaro ɗan firamare: allo da tsinke, sanda daidai tsawonsa, da makaranta. Waya ta jira. Iyaye su je cibiyar jin daɗin jama'a ta ƙaramar hukumarsu su nemi katin naƙasa na ƙasa, domin dokar Kamaru mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi sassaucin kuɗin makaranta ga masu naƙasa, kuma da katin ake neman haƙƙin.

Ɗalibin sakandare ko jami'a: rubutun makafi yana nan, a ƙara masa Android, sannan kwamfuta idan hali ya yi. In ɗaya kawai za a iya saye kuma ya kusa jami'a, kwamfuta.

Ɗan kasuwa ko mai sana'a da ya makance da girma kuma yana jin Faransanci ko Larabci: Android mai giga 4, abin kunne, da batirin ajiya. A ware wani abu daga kuɗin don ladan wanda zai koya masa, kuma a nemi makaho ɗan'uwansa da ya ƙware, don mai gani yakan karɓe wayar ya yi aikin da kansa maimakon ya koyar. Da ɗan gari akan ci gari.

Ma'aikacin ofis ko malamin makaranta: NVDA tun yau, kafin a fara yi masa maganar ajiye aiki.

Matar gida da ba ta cika fita ba: waya don saƙon murya da 'yan'uwa, da alamomin taɓawa a madafa, zaren roba a gwangwanin gishiri, kulli a jakar magani. Ita ma a koya mata sanda, ko don gidan biki da asibiti.

Tsoho ko tsohuwa da ba su yi boko ba: waya mai maɓalli da rediyo mai memori. Idan jika ya nace sai babbar waya, ya fara ara wa Kaka tasa na mako guda da muryar a kunne, a ga ko za su shirya kafin a je kasuwa.